Ku Tambaya Mu Amsa: Shekara goma a kan rai huɗu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan magana ɗaya suka taru, shari'ar sojojin nan na Kamaru da suka harbe mata biyu da 'ya'yansu a Zelevet, don haka na ɗebo huɗu daga ciki, masu tambayar gado da rikicin fili ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tela ne a nan Marwa, muna da majalisar shayi bayan la'asar, to ranar nan wani yaro ya nuna mana tsohon bidiyon nan na matan da aka harbe da 'ya'yansu, gardama ta kaure har aka kusa ɓatawa, wani yace shekara goma kawai aka ba sojojin, wani yace ƙarya ne hukuncin kisa aka yi musu, wani dattijo kuma ya rantse wai ba a Kamaru ma abin ya faru ba. Don Allah ka raba mana gardama, in kuma goman ce da gaske to ta yaya?

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, sannu da ɗinki. Ka gaida min dattijon nan da kyau ka ce masa a Kamaru ne, nan bayanmu ma, wajen Zelevet a yankin Mayo-Tsanaga dab da iyakar Najeriya. Kuma ban ga laifinsa ba, don lokacin da bidiyon ya fito a watan Yulin 2018 ministan sadarwa na wancan lokaci Issa Tchiroma Bakary da bakinsa yace labarin ƙanzon kurege ne, wasu kuma suka yi ta yaɗa cewa a Mali aka ɗauka, to wanda ya ji wannan a rediyo bai ji abin da ya biyo baya ba ai dole ya rantse.

Ga waɗanda basu gani ba, kuma bana ba kowa shawarar ya je nema: sojoji ne suka tuso mata biyu a gaba a wata hanya mai ƙura, ɗaya da goyo a bayanta, ɗayar tana riƙe da hannun 'yar yarinya, ana marin uwar ana ce musu 'yan Boko Haram, aka kai su gefen hanya aka rufe musu fuska aka buɗe musu wuta su huɗun, har da na goyen.

Yadda aka gano wurin shi ne abin da ya fi ɗaure min kai har yau. Masu bincike na BBC Africa Eye da wasu da suka taya su, a watan Satumban 2018, layin duwatsun da ke bayan sojojin suka bi suka yi ta gwada shi da hotunan tauraron ɗan adam har ya zauna daram a kan duwatsun Zelevet, sannan suka duba gine-ginen da ke tsaye a bidiyon da waɗanda ba a riga an gina ba suka san shekarar, sai kuma inuwar sojojin a ƙasa, tsawonta da inda ta karkata, ita ta nuna musu tsakanin 20 ga Maris ne da 5 ga Afrilun 2015. Har bindigar suka gane, Zastava M21 ƙirar Sabiya, wadda wasu rundunonin ƙasar nan ke riƙewa. Kafin nan ma gwamnati ta riga ta sauya magana, a watan Agustan 2018 ta sanar da kama sojoji bakwai.

Kotun soja ta Yawunde ce ta yi shari'ar, ta yanke hukunci ranar 21 ga Satumban 2020. Huɗu shekara goma-goma, ɗaya shekara biyu, biyu aka sallame su. Kenan mai cewa goma shi ya ci gardamar, ku ba shi kofin farko.

Ta yaya kuma? Kundin hukunta laifuka na Kamaru sashe na 275 yace wanda ya kashe rai ɗaurin rai da rai, sashe na 276 yace in da shiri da niyya tun farko to kisa ne, duk da dai rabon da a zartar da kisa a ƙasar nan tun 1997. Amma kundin nan dai ya bar wa alƙali ƙofa, in ya ga akwai dalilin sassauci yana iya sauko da laifin da hukuncinsa kisa ne har zuwa shekara goma. Wato goma tana cikin abin da doka ta yarda da shi, can ƙasan tsani. Kuma ka tuna zaman da mutum ya yi a tsare kafin hukunci ana cire masa daga lissafi.

Ni dai a ganina goma ta yi kaɗan, bana ɓoye-ɓoye. Ba sai ka je nesa ba, ku mutanen Marwa kun san Ahmed Abba wakilin sashen Hausa na RFI, a garinku aka kama shi a watan Yulin 2015, kotun sojan nan ta Yawunde ta ba shi shekara goma a 2017 kan zargin ƙin tona asirin 'yan ta'adda da makamancin haka, mutumin da makirfo ne makaminsa, sai a ɗaukaka ƙara aka mayar da shi wata 24 ya fito ƙarshen shekarar. A 2016 kuma kotun ta ba wasu samari uku shekara goma-goma saboda saƙon waya na barkwanci da suka tura wa juna kan Boko Haram. To saƙon barkwanci goma, harbe jariri a bayan uwarsa goma, wane mai hankali ne ba zai yi tambaya ba?

Sai dai abin da ya fi ci min rai ba adadin bane. An rufe ƙofar kotun ne aka yi shari'ar, babu 'yan jarida babu jama'ar gari. Da a buɗe aka yi, da mun ji wa ya ba da umarni, me aka ce matan sun yi, me sojojin suka faɗa don kare kansu, me ya sa aka sallami biyu, da ko hukuncin bai yi maka daɗi ba aƙalla ka san a kan me kake jayayya. Yanzu kowa a majalisa da nasa labarin, shi ya sa ku ma kuka kusa ɓatawa a kan abin da ya kamata a ce yana rubuce kowa ya karanta.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce daga Mokolo, kuma gaskiya raina yana ɓaci in naji ana zagin sojoji a kan maganar nan. Ku da kuke birni kuna kwana da ido biyu rufe, mu mun kwana a kan duwatsu da yara, an ƙone mana gero a rumbu, an yanka mana mutane, wa aka ɗaure saboda su? Kuma ba mata da 'yan mata ake ɗaura wa bam ba? Soja ya bar gidansu ya zo ya tsare mu sannan a ɗaure shi, ni ko shekara ɗaya ban yarda da ita ba.

AMSA: Hajiya, Allah ya jiƙan waɗanda kika rasa, ya mayar muku da alheri. Babu wanda zai ƙaryata ki. An ga abin da aka yi a Fotokol a watan Fabrairun 2015, har cikin masallaci aka bi mutane, an ga Kolofata, kuma mutanen Marwa basu manta 22 ga Yulin 2015 ba da 'yan mata biyu suka tashi bam a babbar kasuwa da unguwar Barmare, kwana uku bayan nan kuma aka sake a unguwar Pont Vert. Sojoji da 'yan sintirin ƙauyuka da yawa sun mutu suna tsaron mutane, iyayensu ma kuka suke kamar ke.

Amma Hajiya ki dubi matan nan da idon uwa. Suna hannu, ba makami, an tuso su a gaba sun yi tafiya mai nisa ba wadda ta tashi komai. In ana zarginsu akwai jandarma, akwai kotun soja a Marwa, ga dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014 wadda tsananinta ya isa har ana kuka da ita. A ce ma uwayen sun yi duk abin da aka ce sun yi, yarinyar fa? Na goyen fa, wa ya yi wa mubaya'a? Kuma matan nan ba daga wata duniya suka zo ba, mutanen duwatsun nan ne irin waɗanda kike haɗuwa da su ranar kasuwa, Boko Haram ta ci su ta gaba, wanda ya zo kare su ya ci su ta baya.

Tambayarki ta wa aka ɗaure saboda naku mamatan, wannan tambaya ce mai nauyi kuma haƙƙinki ne ki yi ta da ƙarfi. Sai dai sakin wanda ya harbe yarinya ba zai biya ki jinin naki ba. Ɗaure mutum huɗu kuma ba zagin soja bane, sojan da ya kama mutum ya miƙa shi hukuma da ransa shi ma yana da haƙƙin kar a haɗa shi da waɗancan.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundere. Wanda aka ba shekara biyu wai laifin me ya yi?

AMSA: Ƙanena, shi ne aka samu da ɗaukar bidiyon da yaɗa shi. Nan ma mutane sun rabu, wasu suna cewa yana tsaye yana kallo bai hana ba don haka biyu ma ta yi masa kaɗan, kuma duk wanda ya ji muryar da ke bayan kyamarar ya san ba ta mai baƙin ciki bace. Ba zan kira shi gwarzo ba. Amma ka lissafa, daga 2015 zuwa 2018 shekara uku ba a kama kowa ba, ba don wayar nan ba da har yau shiru kake ji. Abin da nake tsoro shi ne darasin da ƙaramin soja zai ɗauka daga nan ya zama na ɓoye waya.

TAMBAYA: Salam Malam, daga Njamena nake, ɗan kasuwa ne ina yawan tsallakawa Kusuri. Mu a nan in an yi kisa dangi ake tarawa a biya diyya a wuce wurin. Ba gara a biya dangin matan nan diyya ba da wannan ɗaurin da ba ya amfanar kowa? Ai Musulunci ma ya yarda.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Musulunci ya yarda da diyya, raƙuma ɗari ko dinari dubu na zinariya, amma ba kowane kisa take rufewa ba. A kisan kuskure ita ce hukuncin, aya ta 92 a Suratun Nisa'i. A kisan ganganci asali ƙisasi ne, sai in masu jini sun yafe da kansu ba tare da an matsa musu ba, aya ta 178 a Baƙara. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, ka tambayi duk wanda ya karanta Risala a zaure, ko an yafe wa mai ganganci sai an yi masa bulala ɗari an tsare shi shekara guda, kisan gilla kuwa babu yafiya a cikinsa sam. Kenan ko a fiƙihu hukuma tana da nata haƙƙin bayan na dangi, kuɗi baya wanke mutum ya koma gida ya sha shayi.

Abin da kuke yi a Chadi kuma ka fi ni sanin inda yake ciwo, ana raba kuɗin a kan dangi da ƙabila, tsohuwar da bata san hawa ba bata san sauka ba a karɓe mata akuya, mai kisan kuma yana yawo a gari, kuma farashin ran ma ya danganta da ƙabilar mamacin da ƙarfin danginsa. Shi ya sa hukumomin ƙasarku suka sha nanata cewa biyan diyya baya tsayar da tuhumar mai laifi a kotu.

Dokar Kamaru da ta Chadi duk sun ba dangin mamaci damar shiga shari'a su nemi a biya su, ɗauri daban biyan daban, ba zaɓi ake yi tsakaninsu ba. Kuma ku ne ma kuke da misali mafi girma a yankin nan. Shari'ar tsohon shugaban Chadi Hissène Habré a Dakar a buɗe aka yi ta, mata da maza da suka sha azaba a gidajen yarin DDS, wato 'yan sandan asirinsa, suka tsaya gabansa suka faɗi abin da aka yi musu duniya tana kallo, aka yanke masa rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016, a ɗaukaka ƙara a 2017 aka tabbatar, aka kuma yanke a biya mutum 7,396 sefa biliyan 82. Har ya rasu a watan Agustan 2021 kuɗin nan basu shiga hannunsu ba. To ka ga yanke diyya a takarda abu ne mai sauƙi, karɓarta ce aiki, balle ga talakan ƙauye a bakin iyaka wanda kuɗin motar zuwa Yawunde ma sai ya sayar da buhun gero.

Wani ya haɗa da tambayar ko a Chadi da an harbe su. A watan Agustan 2015 kam an harbe mutum goma 'yan Boko Haram kwana ɗaya bayan yanke musu hukunci kan hare-haren Njamena, amma tun 2020 Chadi ta soke hukuncin kisa gaba ɗaya har na ta'addanci, don haka yau iyakarsa ɗauri. Masu son mu yi bayanin yadda dangi ke shiga shari'a su nemi haƙƙinsu da wa'adin ɗaukaka ƙara, kwana goma ne kacal a Kamaru kuma da yawa a nan suke faɗuwa, ku turo tambayoyinku mu haɗa su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.