Amsa ga Malam Auwalu kan ɗan jirgin nan mai farfela biyu

Assalamu alaikum, jama'ar zaure barkanmu da yamma. Malam Auwalu, na ga bidiyon da ka turo, na kuma ji tambayarka, wai ko ɗan jirgin nan mai saukar ungulu ne, kuma yaronka ya dage sai ya haɗa irinsa a wajen masu walda. To ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ba mai saukar ungulu ba ne, jairokwafta ake ce masa. Ka sake kallo da kyau, farfela biyu ce: babba a sama, ƙarama a bayan matuƙi. Injin, ta bayan nan kawai yake juyawa, ita ke tura jirgin gaba. Ta saman kuwa iska ce ke shigo mata ta ƙasa tana wana ta, kamar fankar karan nan da yara ke yi, su ruga da gudu tana juyawa. Kafin tashi ne kaɗai ake ɗan wana ta da inji, in ta ɗauki gudu a sake ta. Shi ya sa ba ya tsayawa cak a sama, kuma sai ya ɗan yi gudu a ƙasa kafin ya ɗaga. Amma ko injin ya mutu, ta saman ba ta tsayawa, a hankali zai sauko.

Wani ɗan Sifen, Juan de la Cierva, shi ya ƙirƙiro shi, ya fara tashi a 1923 kusa da Madrid. Wanda ya mayar da shi abin nishaɗi kuwa Igor Bensen ne a Amurka, a shekarun 1950. Zane yake sayarwa da kayan haɗi, mutum ya saya ya ɗaura a garejinsa. Kujera ɗaya ce a fili, sai ƙarfe sai inji.

To nan nake so yaron ya buɗe kunne, don wallahi sauƙin da ake gani a ido shi ya ci rayukan mutane da yawa a wancan zamani. Farfelar sama, nauyin jirgin da ke rataye a jikinta da iskar da ke bugo ta daga ƙasa, su ke riƙe da gudunta. In matuƙi ya hau sama, sai ya dungurar da hancin jirgin ƙasa farat ɗaya, nauyin nan ya sake ta, gudunta ya faɗi, injin baya kuma yana ta turi, sai jirgin ya kifa ta ka. Daƙiƙu kaɗan ne, kuma babu gyara. Da yawa daga na farkon ba su da shimfiɗaɗɗen fiffiken jela mai hana wannan dungure, ga shi mutane su ke koya wa kansu tuƙi.

Na yanzu an gyara zanen. Cikin kamfanonin da ke ƙera shi akwai AutoGyro a garin Hildesheim na Jamus, da Magni a Italiya, da ELA a Sifen. Galibi kujera biyu ne, don malami ya zauna da ɗalibi, injin kuma yawanci Rotax ne na Austiriya, wanda ke shan man mota mai kyau. Ta hannun dillalai ake saya, wani a haɗe, wani a kwance cikin akwati ka ɗaura da kanka, kuma dillalan da yawa su ke haɗa ka da mai koyarwa. Da irin na Magni wani Bature ɗan Ingila, James Ketchell, ya zaga duniya a 2019.

Masu waldarmu gwanaye ne, ban raina su ba. Amma farfelar nan aunawa ake yi, in gefe ɗaya ya ɗara ɗaya nauyi ko kaɗan, jijjigar kawai ta isa ta tsaga ƙarfe a sama. Ga kuma doka: sai hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta yi wa jirgi rajista, matuƙi ma sai da lasisi.

Kada ka kashe masa gwiwa, Malam. In abin na ransa, ga kwalejin jiragen sama a Zariya. Kafin nan ka turo min shi ranar Asabar bayan la'asar, mu fara da ɗan ƙarami mai rimot, in nuna masa dunguren nan da idonsa.