Hukuncin shiga gwajin sabon maganin ciwon madura

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu Hausawa ne mazauna yankin Sennar a Sudan. Ƙanena manomi ne, shekarunsa 27. Ƙaya ta soke shi a gona, wurin ya kumbura, yanzu shekara uku ke nan ƙafar tana fitar da ruwa da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar gero. Likita ya ce madura ce, kuma ya yi mana zancen wani magani da ake kan bincikensa, ya ce in dama ta samu ko za mu yarda a sa shi. Mahaifiyarmu ta ce wannan jefa kai ne cikin halaka. Ni ne babba a gida, shin ya halatta in sa masa hannu?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ƙanenka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Madura mai baƙaƙen ƙwayoyi wata ƙwayar cuta ce dangin funfuna ke kawo ta, tana shiga jiki ta hujin ƙaya, ta ci nama a hankali har ta kai ga ƙashi. In an yi sakaci, ƙarshenta yanke ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. Maganin da aka saba bayarwa shi ne itraconazole, ana sha kullum har kusan shekara, a haɗa da tiyata, kuma yana da tsada ga talaka. Wanda likitanku ke nufi, a zatona, fosravuconazole ne na kamfanin Eisai na Japan, wanda Cibiyar Binciken Madura ta Jami'ar Khartum ta fara gwadawa a 2017 tare da DNDi, ƙungiyar da ke binciken magungunan cututtukan da aka yi watsi da su. Bai fi tsohon maganin warkarwa ba a wancan gwajin, amma sau ɗaya ake shan sa a mako.

Hukuncin shi ne: ya halatta, da sharuɗɗa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Annabi (SAW) ya ce: "Ku nemi magani, bayin Allah, domin Allah bai sanya wata cuta ba face Ya sanya mata magani, sai guda ɗaya: tsufa." A ruwayar Ahmad daga Ibn Mas'ud akwai ƙarin cewa wanda ya san maganin ya san shi, wanda ya jahilce shi ya jahilce shi. To ta yaya wanda bai sani ba zai sani in ba a bincika ba? Duk ƙwayar da muke saya a kemis yau, wasu ne suka fara haɗiye ta kafin mu.

Ayar da maganar Hajiya ta dogara da ita, ta 195 a Suratul Baƙara wadda ta hana jefa kai cikin halaka, gaskiya ce, kuma tsoronta ba na banza ba ne. Bahaushe bai manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, wanda rigimarsa ta kai har kotu a kan ko iyaye sun san abin da suka yarda da shi. Amma halaka tana ta ɓangare biyu. Barin ƙafa tana ruɓewa shi ma halaka ne, kuma ƙa'idar malamai ita ce in cutarwa biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi. Abin dubawa shi ne rinjayen zato a wurin ƙwararren likita amintacce, ba tabbas ba, don tabbas na Allah ne.

Wasu kan ce ai a irin wannan gwaji ƙuri'a ake yi, mara lafiya bai san ko tsohon magani ko sabo aka ba shi ba, ashe ba caca ba ce? A'a. Caca cin dukiyar wani ce a kan sa'a. Ƙuri'a kuwa Annabi (SAW) da kansa yana yin ta tsakanin matansa in zai yi tafiya, kamar yadda ya zo a Bukhari. Muddin kowane rukuni yana samun magani na gaske, ba a bar wani haka nan cutar na cin sa ba, babu laifi.

Saura batun sa hannu, kuma nan ne zan ɗan ja kunnenka, ɗan'uwa. Ba kai ne za ka sa ba. Ƙanenka baligi ne mai hankali, jikinsa amana ce a wuyansa, ba a wuyan yayansa ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta shar'anta cewa binciken likitanci sai da yardar mutum mai cikakken hankali, ba tilas, ba kwaɗaitarwa da kuɗi ga mabuƙaci, kuma kada ya jawo cutarwa. Don haka a zaunar da shi, a karanta masa takardar da Hausa ko Larabcin da yake ji, a faɗa masa illar da ake tsoro, musamman ga hanta, da wanda zai ɗauki nauyinsa in wani abu ya faru, da cewa yana iya fita duk ran da ya so ba tare da an hana shi tsohon maganin ba. Ku tabbatar hukumar lafiya ta amince da binciken. Kuɗin mota da na abinci ba komai ba ne, amma in kuɗin ne ya sa shi cewa to, yardar ta gurɓata.

In ya ji duk wannan ya ce a'a, babu zunubi a kansa, kuma kada ku matsa masa. In ya ce e, ku lallashi Hajiya da kyakkyawar magana, ku kai ta ta ji daga bakin likita. Kafin nan kada ya daina shan maganin da yake kai yana jiran sabo.

Wallahu a'alam.