An nemi mahaifinka ya shiga gwajin gashin sankara: me doka ta ce?

Ɗan'uwa, ka ce Baba yana fama da sankarar maƙogwaro, kuma asibitin koyarwa ya nemi ya shiga wani bincike da za a riƙa ɗaukar hotunan cikin jiki na PET da MRI don a saita gashi, wato kashe ƙwayoyin sankara da haske mai ƙarfi na na'ura, daidai kan ƙarin sankarar. An ba ka takarda, kana tambaya ko ka sa masa hannu.

Kada ka sa. Muddin Baba yana cikin hankalinsa, hannunsa ake buƙata, ko da kai ke biyan kuɗin asibiti. Sashe na 32 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce ba a bincike a jikin mutum sai da amincewarsa a rubuce, bayan an bayyana masa manufar binciken da abin da zai iya yi wa lafiyarsa. In ba ya karanta Turanci, a yi masa bayani da Hausa a gaban shaida, ya dangwala da kansa. Mutanen Kano ba su manta da gwajin Trovan na 1996 ba, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a kan yara masu sanƙarau har aka kai shi kotu, kuma maganar amincewa ce ta fi zafi a wannan shari'ar.

Ga inda iyalai suka fi ruɗewa. A gwaje-gwaje da yawa irin wannan, kwamfuta ce ke raba marasa lafiya gida biyu kamar ƙuri'a. Wasu za a tsara musu gashi da hoton CT kamar yadda aka saba, wasu a ƙara musu sabbin hotunan, wani lokaci har a ƙara ƙarfin gashin a inda hoton ya nuna cutar ta fi ƙarfi. Shiga gwajin ba ya nufin Baba zai samu sabon tsarin, kuma da an tabbatar ya fi tsohon, da ba a kira shi gwaji ba. Hoton PET yana tafe da allurar sinadari mai fitar da tururin nukiliya kaɗan. MRI ba shi da wannan. Ku tambayi hoto nawa ne ƙari a kan na magani, wa zai biya, kuma wa zai ɗauki nauyin jinya in an samu illa. A ba ku amsar a rubuce. Alkawarin baki ba ya tsayawa a kotu yadda mutane suke zato.

Ku kuma nemi ganin shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, wanda ya kamata ya kasance da rajista da kwamitin ƙasa, NHREC. Hotunan kansu bayanan lafiya ne da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba kariya ta musamman, don haka in za a tura su wata cibiya a ƙasar waje, takardar ta faɗa.

Baba yana da ikon ya ƙi, ko ya janye a tsakiya, ba tare da an hana shi maganin da aka saba ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da 'yancin baligi na ƙin magani a shari'ar Okonkwo ta 2001. Sai dai janyewa daga bincike daban, katse gashi daban. Wannan da likitansa zai yi shawara.

Sa hannun bai yafe sakaci ba. In an cutar da shi, akwai ƙorafi ga kwamitin ɗa'ar, da Majalisar Likitoci ta MDCN, da kuma ƙara. In asibitin gwamnati ne, ku ga lauya da wuri, don akan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 a nemi a kori ƙarar.