Tsohuwar Tankar Yaƙi: A Tayar da Ita ko a Bar Ta a Tsaye?

Yarona, na karanta saƙonka, kuma tambayar da ka yi ta cancanci amsa a tsanake. Ka ce ka ga tankokin yaƙin Birtaniya na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu suna tafiya da ƙafarsu a gaban 'yan kallo bayan shekara tamanin, sai ka tambaya ko kayan cikinsu na asali ne, kuma in haka ne, me ya sa ba a gyara sauran da ke tsaye a gidajen tarihi su ma su tashi. Amsar a taƙaice ita ce, duk lokacin da aka tayar da tsohon inji ana cinye wani abu daga cikinsa wanda ba zai dawo ba, don haka babban aikin mai gyara shi ne ya san wace tanka ce za ta iya ɗaukar wannan asara, wace ce kuma ba za ta iya ba.

Mafi yawan abin da ka gani daga Bovington yake, wani barikin soja a yankin Dorset da ke kudancin Ingila, inda gidan tarihin tankoki yake riƙe da motocin yaƙi kusan 300, kuma a kowace shekara ake yin bikin Tankfest a fito da masu tafiya a zagaya da su. A can Little Willie take, wadda aka ƙera a 1915 a matsayin gwajin farko, a can kuma Mark I take, ita kaɗai ce ta rage a duniya daga irin tankokin da suka fara shiga fagen daga ranar 15 ga Satumba, 1916 a Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Babu makaniken da ke cikin hankalinsa da zai nemi a tayar da waɗannan biyun. Har Mark IV da Mark V na gidan, waɗanda a da ake fito da su suna tafiya, an daina tayar da su, saboda jikinsu faranta ne na ƙarfe da aka ɗinke da ribit a kan ƙashi, kuma girgizar tafiya da nauyin da ya kusa tan 30 suna buɗe tsaga a ƙarfen da ya haura shekara ɗari. Abin da suka yi shi ne suka sayi kwafin Mark IV mai injin zamani, wanda aka ƙera don aikin fim, shi suke nuna wa jama'a yana tafiya, ta asalin kuma tana tsaye a ƙarƙashin rufi. Ni a ganina sun yi daidai, domin tsohuwar tanka kamar rigar saƙi ce ta gado, kowane wanki yana rage mata kwana ko da mai wankin ya iya.

To, me ya sa wasu suke tafiya? Abu biyu ake dubawa: yawan 'yan'uwanta da suka rage, da kuma samuwar kayan gyaranta. Tankokin Cromwell da Comet suna ɗauke da injin Meteor, mai silinda 12 da faɗin lita 27 da ƙarfin doki wajen 600, wanda Rolls-Royce ya samo daga injin jirgin sama na Merlin bayan an cire masa na'urar cusa iska. Da yake irin wannan injin ne aka ci gaba da sa wa tankar Centurion bayan yaƙi, an daɗe ana ƙera shi, kuma ƙasashe da dama sun tara kayan gyaransa, don haka wanda fistin ya lalace masa yana da inda zai nema. Comet ɗin kanta ta yi aiki a wasu ƙasashe bayan Birtaniya ta ajiye ta, Finland ta sayi 41, Ireland ta sayi 8, kuma sojan da ke amfani da mota yana ba ta mai da giris, wannan ya sa da yawa suka tsira da lafiyarsu. Haka ma wasu nau'o'in Valentine, waɗanda aka sa wa injin dizal na GMC 6-71 mai bugu biyu; injin nan ya cika duniya a jiragen ruwa da janareto da manyan motoci, kai ma za ka iya cin karo da ɗan'uwansa a garejinmu. Amma Crusader tana da injin Liberty, wanda asalinsa na jirgin saman Yaƙin Duniya na Farko ne, kuma tun yana sabo a hamadar Libiya yake fama da yoyon mai da lalacewar famfon ruwa da sarƙar fanka. Wanda ya fasa irin wannan injin a yau ba shi da kantin da zai je. Ita kuwa TOG II, mai nauyin kusan tan 80, guda ɗaya tak aka ƙera, don haka duk abin da ya karye a jikinta ya karye ke nan.

Matilda II ita ce na fi so ka yi nazari a kanta, domin aikinta ya fi kusa da namu. Tana da nauyin tan 27 ko kusa da haka, kaurin sulkenta na gaba milimita 78, amma abin da ke jan ta injuna biyu ne na dizal irin na motocin safa, na AEC ko na Leyland, kowanne mai silinda shida, an jera su gefe da gefe suna zuba ƙarfinsu a giya ɗaya ta Wilson wadda iska ce ke sauya ta. Ka san abin da wannan yake nufi ga mai gyara: dole injunan biyu su daidaita a gudu da ƙarfi, in ba haka ba ɗaya zai riƙa jan ɗan'uwansa har ya cinye haƙoran da suka haɗa su, sannan ƙaramin yoyo a bututun iska ya isa ya hana giya shiga baki ɗaya. Ma'aikatan Bovington sun warware tasu ƙusa bayan ƙusa, suka shafe shekaru suna aikin, har ta sake fitowa a 2018. Abin da ya ba su damar yin haka shi ne an ƙera Matilda kusan 3,000, kuma adadi mai kyau ya rage, musamman a Ostireliya, wadda sojojinta suka yi yaƙi da su a New Guinea da Borneo, bayan yaƙi kuma aka sayar wa manoma suka cire kan bindigar suka mayar da su katafilar share daji. Gangar jikin da manomi ya yar a bayan gona ita ce yau masu tara kayan tarihi suke bi da kuɗi.

Wannan ya kawo mu ga masu zaman kansu, waɗanda da yawa daga cikin tankokin da ke tafiya a hannunsu suke. Su ba kasafai suke samun mota cikakkiya ba. Abin da suke samu gawa ce daga gona, ko daga filin koyon harbi inda sojoji suka shekara suna auna ta da igwa, ko wadda aka tono daga ƙasa, kamar Covenanter ɗin da aka haƙo a wata gonar inabi kusa da garin Dorking na Ingila a 2017. Sau da yawa sai an haɗa gawa biyu ko uku kafin a sami tanka ɗaya, a sassaƙa abin da ya ɓace bisa tsoffin zane-zanen masana'anta, sannan a Birtaniya dole a kashe bindigar yadda ba za ta sake harbi ba, hukumar gwajin bindigogi ta Landan ko ta Birmingham ta duba ta ba da takarda. Ban ga laifi a irin wannan haɗe-haɗe ba, domin ƙarfen da zai ruɓe a banza ne aka ceto, kuma irin waɗannan motoci su ne suka fi dacewa da tafiya tunda asalinsu ya riga ya gauraya. Laifin yana ga wanda zai ɓoye haɗin, ya ce ga tankar da ta yi yaƙi kaza alhali rabin jikinta daga wata aka ciro.

Akwai kuma waɗanda gyaransu ɓarna ne ko da kuɗi da kayan gyara sun samu. An harbe wata Mark IV mai suna Deborah a ƙauyen Flesquières na Faransa ranar 20 ga Nuwamba, 1917, a yaƙin Cambrai, wasu daga cikin mutanenta suka mutu, aka binne ta a rami, sai a 1998 aka tono ta. Yau tana tsaye a wani gidan tarihi a ƙauyen da ramukan harsashin igwa a jikinta yadda aka same ta. Mai walda zai iya toshe ramukan nan cikin mako guda, amma da ya yi haka ya shafe dalilin da ya sa mutane suke zuwa ganinta. Haka nan tankokin Valentine masu iyo da suka nutse a gaɓar Studland ta kudancin Ingila a watan Afrilu, 1944, lokacin atisayen shiga yankin Normandy na Faransa, inda sojoji shida suka rasu. Suna ƙarƙashin teku, doka ta kare su, kuma wurin da ya dace da su ke nan.

Yanzu ga abin da ya shafi hannunka kai tsaye. Idan aka kawo maka injin da ya shekara arba'in bai juya ba, kada ka kusanci batir. Za ka fara cire fulogi ko nozul, ka leƙa cikin kowace silinda da ƙaramar kyamara ko fitila, ka zuba cakuɗen gas da baƙin mai mara kauri, ka bar shi ya jiƙa kwana da kwanaki kana ƙarawa. Bayan haka sai ka sa dogon ƙarfe a kan karanshaf ka gwada juyawa da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan, kana sauraren inda ya cije. Zoben fistin da tsatsa ta manne shi da bangon silinda, in aka fizge shi da ƙarfin sitata, karyewa zai yi ya kwarzane bangon, kuma dakika biyu na gaggawa za su jawo aikin wata shida. Ka sauke tukunyar mai ka sa yatsa a ƙasanta: in ka ji ɓarɓashin ƙarfe ko ka ga ruwa ya kwanta ƙarƙashin mai, to injin sai an warware shi kafin a yi maganar tayarwa.

Sai maganar zaren ƙusa da noti, wadda ta fi kama sababbin hannu. Motocin Birtaniya na wancan zamani da zaren Whitworth da BSF, wato ma'aunan zare na Birtaniya, aka ɗaure su, kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce, alhali na mita da ka saba da shi digiri 60 ne. Notin mita zai iya hawa irin wannan ƙusa zagaye ɗaya ko biyu, ka ɗauka tsatsa ce ta hana shi wucewa, ka ƙara ƙarfi, ka cinye zaren da aka yanka tun 1941. Lambar da ke jikin sifanar Whitworth ma kaurin ƙusar take nufi, ba faɗin kanta ba. Wannan matsala ta dami sojojin kawance a lokacin yaƙi, domin kayan Amurka ba sa shiga na Birtaniya, abin da ya sa a 1949 Birtaniya da Amurka da Kanada suka amince da zare ɗaya. Tsofaffin makanikai da suka yi aiki a kan motocin Birtaniya na farko-farko a ƙasar nan sun san wannan sarai, kuma in ka ga akwatin sifanunsu a kasuwar tsofaffin kaya, ka saya ka adana.

Kafin ka taɓa fenti, ka kankare ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu da takardar goge mai laushi, launi bayan launi, domin a ƙarƙashi ake samun lambar rajista da alamar runduna da launin hamada ko na daji, waɗanda su ne kaɗai shaidar inda motar ta je. Wanda ya fesa mata yashi tun ranar farko ya goge tarihinta da hannunsa. Ka kuma kiyaye lafiyarka, saboda tsohon fentin yana da dalma, birki da kuloci da naɗin salansa suna da asbestos wanda ƙurarsa ke lalata huhu, agogunan da ke haske cikin duhu kuma da sinadarin radiyam aka shafa su, don haka ba a fasa gilashinsu, ba a kuma hura ƙurar birkin da iska.

Tankar da aka yanke shawarar ba za ta tashi ba ita ma tana da aikinta, kuma ba ƙarami ba ne. Babban abokin gabarta danshi ne, shi ya sa gidajen tarihi suke kashe kuɗi a kan rufi da daidaita iskar ɗaki fiye da yadda suke kashewa a kan fenti. Waɗanda ke tsaye a waje a matsayin abin tunawa, kamar tankar Churchill da ke Graye-sur-Mer a gaɓar Normandy, wadda ta faɗa rami ranar 6 ga Yuni, 1944, aka fito da ita a 1976, su ne suka fi buƙatar sa ido, domin ruwan sama yana shiga ta ƙofofin sama ya taru a ƙasan ciki, motar ta riƙa ruɓewa daga ciki alhali wajenta yana sheƙi. Ana buɗe mata mafitar ruwa, a toshe inda yake shiga, a tsiyaye tsohon fetur da ruwan lagireto, a kuma ɗan sauke nauyin da ke kan sifirin.

Ita kuma mai tafiya, ana riƙe mata littafi: ranar da aka tayar da ita, tsawon lokacin da ta yi tana aiki, zafin ruwa, ƙarfin bugun mai, da duk wani sabon sauti da direba ya ji. Duk abin da aka cire daga jikinta, ko da tsagaggen gasket ne, ana ɗaukar hotonsa a inda yake kafin a kwance, a sa shi a leda da takardar da ta faɗi wurinsa, a ajiye, ba a jefa shi cikin tarkacen 'yan gwangwan. Sabon da aka sassaƙa don maye gurbinsa kuma ana buga masa shekarar da aka yi shi a gefen da ba ya fitowa fili, domin makaniken da zai buɗe wurin bayan shekara hamsin ya bambance aikin masana'anta da aikinmu. Idan ka zo gareji ranar Asabar, ka taho da sabon littafi mai kauri da ma'aunin zare, za mu fara da tsohon injin Leyland ɗin nan da ke bayan rumfa.