Ga ƙanena mai son biyo ni Torino, ƙasar Italiya

Na ga saƙonka. Kai ne na huɗu a watan nan, kuma duk bakinku ɗaya: "Yaya, ka nemo min hanya, ko shara ce zan yi." Kai dai ka ɗan fi su, tunda ka ce digiri na biyu kake so, in ya so ranar hutu ka riƙa leƙa kallon Juventus. Shekarata shida a garin nan, sau ɗaya na taka filin wasansu, shi ma tikitin wani ne ya saya min.

Kowa sanyi yake tsorata ka da shi. Ni neman ɗaki ne ya fara karya ni. Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Porta Nuova da akwati biyu da ƙullin yaji, na yi sati biyar ina kwana a falon wani ɗan Senegal da muka haɗu a masallaci. In na ga tallar ɗaki sai in buga waya da ɗan Italiyancin da na haddace, a ce min zo. Ina zuwa, mai gida ya leƙo ya ga fuskata, sai ɗaki ya koma "yanzun nan aka bayar". Wata tsohuwa ko ƙofa ba ta buɗe ba, ta na'urar magana ta bakin ƙofa ta sallame ni, ina tsaye a cikin yayyafi. Ni da a gida in na yi sallama ake shimfiɗa min darduma! Wanda ya yarda daga ƙarshe ya karɓi kuɗin ajiya na wata uku, kuma ya so mu zauna babu rubutacciyar yarjejeniya. Kada ka kuskura ka yarda da haka. Da wannan takardar za ka yi rajistar adireshinka a hukumar gari, abin da suke kira residenza, har ɗan doka ya zo ya duba ko sunanka na jikin ƙararrawar ƙofa.

Takarda ce sarki a ƙasar nan. Kwana 8 na aiki kake da su bayan ka sauka don neman izinin zama, permesso di soggiorno. A gidan waya ake karɓar fom ɗin, ka manna kan sarki na yuro 16, wanda, ka ji abin mamaki, a shagon masu sayar da taba ake saye. Rasit ɗin da za su miƙo maka ka adana shi kamar ranka, domin shi ne shaidarka har a kira ka ɗaukar zanen yatsu, kuma jiran watanni ne. Lambar haraji kuwa, codice fiscale, in ba ita ko layin waya ba za ka samu cikin sauƙi ba, balle asusun banki. Izinin ɗalibi ba a sabunta shi sai ka nuna ka ci jarrabawa.

Batun shara da kuke yi: awa 20 kacal doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a sati. Na wanke kwanuka har fatar hannuna ta tsage, kuɗin bai taɓa isar haya da abinci ba. Tallafin karatu na EDISU, hukumar tallafa wa ɗalibai ta yankin nan, shi ne ya riƙe ni, shi ma sai da takardun da ke nuna abin da Baba ke samu, an fassara su an buga hatimi tun daga gida. Fara tattara su yanzu, kafin ma ka cika neman gurbi a Universitaly, shafin intanet na neman shiga jami'o'in Italiya. Yau ina da aikina da mukullin gidana, kuma ba wanda ya ɗora ni a kai sai Allah da naci.

Wahalar abinci ba ta kai yadda ake faɗa ba. Kasuwar Porta Palazzo akwai mahauta 'yan Maroko, akwai kuɓewa da doya da manja a shagunan kewayenta. Burodi ne za ka yi hattara da shi, in ka ga an rubuta strutto, kitsen alade ne. Masallatanmu yawanci tsofaffin shaguna ne da ɗakunan ajiya. Idi a Parco Dora muke yi, ƙarƙashin rumfar tsohuwar masana'antar ƙarfe, dubban mutane, ana shafa addu'a kowa ya ruga ya kama taragon zuwa aiki. Ranar sallata ta farko na koma ɗaki na ci taliya ni kaɗai.

Shi kuma abokinka da ke zuga ka ku bi ta Agadas ku faɗa Libiya, ka ce masa na ce a'a. Waɗanda teku ta bari, da yawansu suna gonakin tumatir a wajen Foggia da ke kudancin Italiya, suna kwana a bukkokin langa-langa, ba takarda, ba bakin komawa gida.

Turo min sakamakonka in duba. Ka fara koyon Italiyanci daga yau, ko da da Turanci za a koyar da ku, domin mai gida da ma'aikacin gidan waya ba ruwansu da Turancinka. In Allah ya yi tahowarka, ka ƙunso min kuka da daddawa. Ka gaida Goggo, ka ce mata saƙon nan sai ƙarshen wata.