Tambaya da Amsa: Shin Mujallun Giyar Inabi Abin Dogaro Ne, Ko Talla Ce Kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina karanta aikin jarida a Ingila. An raba mana aikin nazari a kan mujallun da suka keɓanta da sana'a guda, ni kuma na faɗa kan na giyar inabi. Ba na sha, ban ma taɓa buɗe irinsu ba sai yanzu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bakin masu karanta su bai zo ɗaya ba: wasu na cewa ba sa sayen kwalba sai sun ga abin da mujalla ta ce, wasu kuma na cewa talla ce aka yi wa kwalliya. Wa zan gaskata?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Hukuncin giya a addininmu sananne ne, kuma ba shi kika tambaya ba. Taki tambayar ta aikin jarida ce, kuma na ji daɗinta, domin da wuya ki sami fannin da alƙalamin mutum guda ke ɗaga farashin kaya ko ya kayar da shi kamar wannan.

Manyan cikinsu ba su da yawa. Faransa na da La Revue du vin de France tun 1927. A nan inda kike akwai Decanter, da aka kafa a Landan a 1975. Amurka na da Wine Spectator, wadda ta fara fitowa a 1976, Marvin Shanken ya saye ta a 1979. Amma wadda ta canza kasuwar gaba ɗaya ita ce The Wine Advocate, da wani lauya daga jihar Maryland, Robert Parker, ya fara a 1978. Ya ƙi karɓar talla ko guda, ya dogara da kuɗin da masu karatu ke biya, yana cewa shi wakilin mai saye ne, ba na mai sayarwa ba. Shi ne kuma ya yaɗa bayar da maki bisa ɗari, irin na jarrabawar makaranta, inda kowace kwalba ke farawa da 50. Da ya yabi giyar yankin Bordeaux na Faransa ta girbin shekarar 1982 a lokacin da wasu manyan masu sharhi ke ɗari-ɗari da ita, kuma lokaci ya gaskata shi, sai 'yan kasuwa suka koma jiran makinsa kafin su yanka farashi.

Mafi yawan ƙorafin masu karatu daga wannan makin ya samo asali. Ki shiga shagon giya a Amurka, za ki ga 'yar takarda a manne a jikin kanta, ƙarƙashin kwalba, da lamba ɓaro-ɓaro: 91, 93. Wadda ta sami 89 ba kasafai ake maƙala mata komai ba. Maki ɗaya tak ya raba su, alhali harshen ɗan Adam ba sikeli ba ne da zai auna bambanci ƙanƙani haka kullum ba tare da kuskure ba. Masu karatu sun lura da haka, sun kuma lura cewa makin sai ƙara hawa yake yi shekara da shekaru, har 90 ta daina ba kowa mamaki.

Akwai hujjoji biyu da nake so ki riƙe. Wani malamin jami'a mai ritaya, masanin ƙididdiga, Robert Hodgson, ya yi gwaji a gasar giya ta baje kolin jihar Kalifoniya. An riƙa zuba wa alƙalan gasar abu ɗaya daga kwalba ɗaya har sau uku, a cakuɗe cikin sauran kofuna, ba su sani ba. Sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna kusan ɗaya cikin goma ne kawai na alƙalan suka iya ba abu guda hukunci iri guda. Ta biyu kuwa ita ce taƙaddamar da aka yi kan Château Pavie, wata giyar Bordeaux, ta girbin shekarar 2003. Parker ya kai ta ƙololuwa, ita kuma Jancis Robinson, mai rubutu a jaridar Financial Times, ta ba ta 12 bisa 20. Dukansu gwanaye ne, babu mai shakkar gaskiyarsu. Shi yana son abu mai kauri da ƙarfi, ita kuma ta ga an wuce gona da iri. Lambar dai ra'ayin mutum ce aka sanya wa rigar lissafi.

Batun kuɗi ya fi damuna. A 2008 wani marubuci Ba'amurke, Robin Goldstein, ya ƙirƙiri gidan abinci na bogi da sunan Osteria L'Intrepido, ya ce a birnin Milan na Italiya yake. Ya buɗe masa shafin intanet da lambar waya, ya haɗa jerin giyar da wai ake sayarwa, har da waɗanda Wine Spectator da kanta ta taɓa kushewa, ya biya dala 250 na shiga neman lambar yabon da mujallar ke ba gidajen abinci saboda jerin giyarsu. Mujallar ta ba gidan da babu shi lambar yabo. Ta kare kanta da cewa yaudara aka shirya mata da gangan, kuma a wannan matakin na lambar yabon, jerin da aka aiko ake dubawa, ba ziyara ake kai wa ba. To amma mai karatu da ya ga takardar yabo a rataye a ƙofar gidan abinci ɗauka yake an je an gani da ido. Nan ne amana ta sami tsaga.

Duk da haka ba zan ce miki masu kushewa sun gama magana ba. Wine Spectator na cewa masu ɗanɗanonta ba sa ganin sunan kamfani ko farashi a lokacin da suke bayar da maki. Decanter kan zaunar da ƙwararru fiye da ɗaya a kan abu guda don kada son ran mutum ɗaya ya rinjaya. Kuma idan kika wuce shafukan maki, za ki tarar da aikin jarida na gaske: yadda sanyin bazata ke ƙone tohon inabi a yankin Burgundy na Faransa, yadda ɗumamar yanayi ta sa ana girbi da wuri, dokokin Faransa da Italiya kan wane yanki ke da ikon amfani da wane suna, shari'ar masu jabun kwalabe irin Rudy Kurniawan da aka kama a Amurka a 2012. Masu karatun da suka daɗe da mujallun nan, galibi waɗannan shafukan ne ke riƙe da su. Wanda ya saye ta don a faɗa masa abin da zai ɗauka a kanti kuwa, shi ne ya fi saurin cizon yatsa, domin sau da yawa abin da aka yaba ya fi ƙarfin aljihunsa ko babu shi a garinsu. Shi ya sa da yawa suka koma manhajoji irin Vivino da CellarTracker, inda masu saye ke ba juna labari.

Ita ma The Wine Advocate ba ta zauna yadda take ba. Parker ya sayar da kaso mafi tsoka ga masu zuba jari daga Singafo a 2012, ya yi ritaya a 2019, a shekarar ce kuma kamfanin Michelin ya mallake ta gaba ɗaya.

Ga aikin da zan ba ki. Ki samo fitowa uku a jere na Decanter da uku na Wine Spectator daga laburaren makarantarku. Ki ƙirga shafukan talla, ki rubuta sunayen kamfanonin da suka biya, sannan ki duba ko sun bayyana a shafukan maki da abin da aka ba su. Ki nemo inda kowace ta bayyana yadda take ɗanɗanawa, da wanda ke biyan kuɗin tafiyar marubutanta zuwa gonaki. Idan kin gama, ki turo mini abin da kika samu, mu duba tare.