Amsa: Me ya sa ƙaramin maɓalli ke da wuyar dannawa?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramin maɓalli a kwamfuta yana ɓata maka lokaci. Ba laifin linzaminka (mouse) ba ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Fitts, ya auna irin wannan tun 1954: lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abu ya dogara ne kan nisan abin da kuma faɗinsa. In aka ninka nisan, aka ninka faɗin, kusan lokaci ɗaya za ka ɗauka.

Ka lura da hannunka. Da farko zabura yake yi, sai ya rage gudu, ya yi ta gyara kafin ya sauka. Gyaran nan shi ke cin lokaci. Shi ya sa kusurwar allo ta fi sauƙin samu, domin kibiyar linzamin ba ta iya wuce ta, ko da ƙarfi ka wurga ta. A waya kam babu wannan gatan, don ba abin da ke tare yatsa.